Tokar Ɓuntu a Cikin Sanholo

Malanville, farkon Nuwamba

Zuwa ga ɗiyata Rauda,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da innarki da duk mutanen gidanku a Kotonu. Mu nan kalau muke, in ban da kunnena na hagu da ya ƙarasa mutuwa. Shi ya sa ba na son salula. Ana magana ina cewa "mi?", har mai kira ya gaji ya kashe.

Wataƙila ba ki tuna ni. Ni ne Mahfuzu mai zubin sanholo a bayan babbar kasuwa. Kakarki Bilki ƙanwar babana ce, don haka ni kawunki ne, ko da sau ɗaya muka haɗu, a wajen bikin Karimatu, kina ƙarama kina kukan an taka miki takalmi. Innarki ta gaya mini yanzu karatun ƙarfe kike yi a jami'a. Da na ji na yi dariya, sannan na ji daɗi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ƙanwata Fatu da ke Garu. Tun da mijinta Bukari ya rasu ita ke riƙe da garkar albasarsa a bakin kogi, da ita take ciyar da yara. Injin ban ruwan da ya bar mata tsoho ne. A cikinsa akwai farfela, ita ke juyawa ta tura ruwa, kuma yashin kogi ya cinye ta. Irin tata daga Gaya, tsallaken kogi, ake kawowa, ga gadar iyaka a rufe, waɗanda ke kasuwa kuwa ba su shiga injin. Na zuba mata da sanholo, na sake zubawa. Kowace ta ɗan yi kwanaki sai kunnuwanta su suɗe kamar sabulu, ruwa ya koma fitowa da ƙyar.

Ƙanin mijinta Sadisu ya faɗa gaban mutane cewa in bana ta kasa shayar da garkar, baɗi shi zai karɓe ta, wai kada ƙasar gidansu ta mutu a hannun mace. Fatu ta fara dashe. Ba ta barci, ni ma ta hana ni.

Ga farfela guda na ba Sha'ibu direban kar, motar fasinja mai zuwa Kotonu, ya kawo miki. Ki duba. Ko akwai abin da ake sa wa sanholo ya daina lalaci?

Kawunki,
Mahfuzu

Kotonu, tsakiyar Nuwamba

Kawu Mahfuzu,

Na amsa sallama. Na gode Allah da kuke lafiya, Allah ya sawwaƙe kunne. Na tuna ka sarai, kai ne ka ba ni 'yar tukunyar wasa don in yi shiru. Inna tana gaishe ka, ta ce a gai da Inna Fatu.

Saƙo ya iso. Kawu, ka rubuto wa wadda ta dace, don abin da nake yi ke nan safe da yamma har idona ya fara ciwo.

Sanholo ƙarfe ne mai taushi, yashi kuwa ya fi shi tauri, shi ya sa yake kankare shi. Amma in aka cusa wa sanholo ƙananan ƙwayoyi masu tauri tun yana narke, suka bazu a jikinsa, to in yashi ya zo sai ya ci karo da su. Suna kuma tare ƙarfen daga ciki su hana shi lanƙwasa da sauri. Ƙwayoyin da nake aiki da su kuna zubar da su a bayan injin casar shinkafa: ɓuntu. In aka ƙone shi har tokar ta yi fari, kusan dangin yashi ce, sai dai ta fi shi laushi.

Ga yadda za ka yi. Ka ƙone ɓuntu ya yi fari fat, ba baƙi ba. A tankaɗe da rariya mafi laushi. Ka gasa tokar a kasko daf da zubi, don in akwai danshi za ta bar ramukan iska a cikin ƙarfe. Ka auna da sikeli, ba da kwano ba: toka ɗaya, sanholo ashirin. Ka haɗa da murafen gwangwanin lemo masu yawa a narkin, akwai wani sinadari a cikinsu da ke sa ƙarfe ya yarda ya rungumi toka. Sai ka juya sosai, ka zuba.

Abu ɗaya nake so ka sani tun yanzu. Abin da nake zubawa a labo, ɗakin gwajinmu na jami'a, bai wuce tsawon yatsa ba, ban taɓa yin farfela ba. Kuma abin da ya ƙara tauri yakan rage haƙuri, in aka yi kuskure ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Don Allah kowane zubi ka yanko mini wutsiyar da ke saura a bakin ƙasar zubi, in goge ta in duba a madubin da ke ƙara girman abu.

Ɗiyarka,
Rauda

Malanville, Disamba

Rauda,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai zazzaɓi da ya taɓa autan Fatu, ya kuma sake shi.

Na yi duk abin da kika ce. Maƙwabtana sun sha kallo. Salifu mai walda ya leƙo ya ga ina gasa toka a kasko, ya ce, "Mahfuzu, sabulun salo za ka koma yi?" Na ƙyale shi. Na bi shagunan lemo ina tsintar murafen gwangwani kamar wanda ya zare.

Farfela ta fito sumul, har na ɗan yi alfahari. Na hau babur na kai Garu da kaina na ɗaura. Ruwa ya tashi, Fatu ta yi guɗa, ta gaya wa duk matan unguwa cewa ɗiyarta ta jami'a ta gama da yashi.

Ɗiyata, ba ta gama ba. Wata bai cika ba farfela ta suɗe, daidai da 'yan'uwanta, ko bambancin gashi babu. Yanzu ruwa na kai wa fangalin da ke kusa da kogi, na tudu kuwa sai da bokiti. Fatu da 'yarta babba suke ɗauka, wuyan Fatu har ya sanƙare. Jiya Sadisu ya bi ta gefen garka a kan kekensa, ya tsaya ya daɗe yana kallon ganyen da ya fara sunkuyawa, sannan ya wuce. Fatu ta ce gara ma da ya yi magana.

Ban zarge ki ba. Wataƙila tokar Kotonu daban ce da tamu, ko kuma abin na takarda ne kawai. Ga wutsiyar da kika ce, ga farfelar. Ki gaya mini gaskiya da wuri, in babu hanya in san abin da zan faɗa wa Fatu.

Mahfuzu

Kotonu, ƙarshen Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa auta lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, an rufe labo don hutun ƙarshen shekara, sai da na yi ta roƙo aka buɗe mini. Kullum in na kwanta wuyan Inna Fatu nake gani.

Na yanka wutsiyar, na goge ta har ta yi sheƙi, na duba. Na yanka farfelar ita ma. Kawu, babu toka a ciki. Na bi ko'ina, sai ɗigo ɗaya nan, ɗaya can. Abin da ka ɗaura wa injin sanholo ne zalla, shi ya sa ya mutu irin mutuwar 'yan'uwansa. Maganin bai kasa ba, majinyacin ne bai sha ba.

Na zauna ina ta tunanin inda tokar ta tafi, har na kira Inna na ce ta gaya mini yadda take ganin Kaka Na-Allah, babanka, yana zubi lokacin tana yarinya. Ta ce in ya sauke tukunya yakan ajiye ta ta natsu, yana motsa baki, sannan ya sa cokalin ƙarfe ya kwashe duk abin da ya taso sama ya yar, kafin ya zuba. Kawu, haka ka yi?

In haka ne, ga abin da ya faru. Toka ba ta da nauyi, kuma narkakken sanholo ba ya son ta. Da zarar ka daina juyawa sai ya tunkuɗo ta sama. Kai kuma ka gan ta tana yawo a kan ƙarfe, hannunka ya yi abin da ya saba. Ka kwashe aikinmu duka ka zubar a ƙasa.

Laifina ne da ban faɗa ba, ban san da wannan al'ada ba, mu injin juyi ke yi mana. Wannan karon ka kwashe datti tun kafin toka ta shiga. Bayan ta shiga kada cokali ya sake taɓa tukunya.

Motar kar na shirin tashi, Sha'ibu yana ta danna mini oda. Ka rubuto da zarar ka ɗaura.

Rauda

Malanville, Janairu

Rauda,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita ba don raina a ɓace yake.

E, na kwashe. Tun ina tsugune gaban Baba ake kwashewa. Mai zubin da ya bar datti a tukunya a garin nan ba a sake kiransa maƙeri. Amma na ji maganarki, na ɗaure hannuna.

Na juye tokar duka a ciki, har na ɗan ƙara a kan awonki, na ce tun da wancan karon babu, wannan karon ta wadata. Na juya da sandar ƙarfe. Na sauke, na bar shi ya natsu tsawon Ƙulhuwallahu ƙafa uku kamar yadda Baba ya koya mini, wannan kam ba ki hana ba, kuma ba abin hanawa ba ne. Ban kwashe komai ba. Na zuba.

Ta fito da tauri, ko zarto da ƙyar yake kama ta. Na ce to, yau an zo wurin. Muka ɗaura da safe. Kafin azahar muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Kunnen farfela ɗaya ya ɓalle daga gindi, ya tsaga murfin injin. Salifu ya liƙe murfin da walda, amma ya ce in aka sake ba zai liƙu ba, injin ya tafi ke nan.

Na mayar mata da tsohuwar suɗaɗɗiya don a samu ko ɗigo. Fangalin tudu sun yi ja. Fatu ba ta yi kuka ba, ta tsinci kunnen da ya karye ta miƙo mini, ta ce, "Yaya, ka aika mata. In ta ce a bari, mu bari."

Ni dai na ce a bari. Sanholo zalla yana suɗewa a hankali, naki kashe inji yake yi. Ga gutsuren nan, don ta ce in aiko.

Mahfuzu

Kotonu, Janairu

Kawu,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka a tsaye a tasha, na kasa zama. Kana da gaskiyar yin fushi. Amma ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka cusa ta a wuta.

Bakin karayar ma ba ya bukatar madubi. Ka duba irinsa in akwai saura: za ka ga wani farin tabo a daidai gindin kunnen. A madubi kuwa abin ya fito fili. Toka ta shiga wannan karon, amma ta dunƙule. Wani wuri curi guda, babu ko ƙarfe a tsakanin ƙwayoyin, sai ramukan iska a gefe. Wani wuri fili fetal. Curin nan ba ya riƙe komai, rami ne da aka rufe da fenti. Duk juyin da farfela ta yi, nauyi na taruwa a bakinsa, tsaga ta fara daga nan, ta bi daga curi zuwa curi har kunne ya fita. Toka iri ɗaya, ƙarfe iri ɗaya, amma yadda suka zauna da juna a ciki shi ne komai. In ta bazu ɗaiɗai, kowace ƙwaya da ƙarfe kewaye da ita, ƙarfi ce. In ta taru, ita ce ajalinsa.

Sunan abin nan a gidanmu gudaji. Abu uku suka kawo shi: ka juye ta gaba ɗaya, ka ƙara awo, ka kuma bar ta ta natsu har ta samu lokacin neman 'yan'uwanta.

Dole toka ta shiga kaɗan-kaɗan, ana barbaɗawa ana tuƙawa ba tsayawa, har tsakiyar ƙarfen ya yi rami yana juyawa, kuma daga tuƙi sai zubi, ba ajiyewa. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Kai za ka riƙe awartaki da wuta. Kana bukatar hannun da ya saba barbaɗa gari a talge yana tuƙi bai yi gudaji ba. Salifu bai taɓa tuƙa tuwo ba, kai ma haka. Inna Fatu tun tana yarinya take yi.

Inna ta gaya mini Kaka bai yarda mace ta tsallaka ƙofar maƙera ranar zubi ba. Na sani. Ban ce ka raina shi ba. Amma garkar tata ce, injin nata ne, ka bar ta ta sa hannu. Ka ƙera mata muciyar ƙarfe mai doguwar ƙota, ka shafe ta da yumɓu ka gasa, ta rufe hannu da ƙafa da kyau.

Ba zan yi maka alkawarin ba za ta karye ba. Abin da na gani a madubi kawai na faɗa.

Rauda

Kotonu, Fabrairu

Kawu,

Lafiya kuwa? Sha'ibu ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu wofi. Na tambaye shi, ya ce ya bi ta maƙera ya tarar a rufe. Na kira salularka tana ta ƙara ba a ɗauka. Inna ta ce in kwantar da hankali, ita kanta ba ta kwantar da nata ba.

In maganar shigar Inna Fatu maƙera ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini, ni yarinya ce. In kuma injin ne ya fashe, ka gaya mini, kada ka ɓoye don tausayi. Na kasa karatu. Ina zaune gaban madubi ina kallon curin nan, ina tunanin ko na sa an raba mace da garkarta daga nan inda nake zaune a ƙarƙashin fanka.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Rauda

Malanville, Maris

Ɗiyata Rauda,

Bayan gaisuwa mai yawa, kowa lafiya, har kunnen yana nan yadda yake. Takardunki biyu sun iso. Ban amsa ba don na rantse ba zan sake rubuta miki "ta fito sumul" ba sai na ga ƙarshen abin. Maƙera kuwa a rufe take don na tare a Garu, ina zaune gindin inji kamar mai jinya.

Takardarki ta gudaji na karanta na cusa ƙarƙashin tabarma, ban gaya wa kowa ba. Ashe innarki ta kira Fatu ta zayyana mata komai. Ranar kasuwa ina hura wuta sai ga mace tsaye a bakin ƙofa da ƙullin toka a ka. Ta tankaɗe ta da rariya, ta sake tacewa da tsohon gyalenta, laushi kamar kwalli. Na ce mata ta san dokar Baba. Ta ce, "Na sani. Baba na da garka a Garu? Kauce, Yaya, rana na yi."

Na kauce.

Na ƙera mata muciya kamar yadda kika ce. Na narka, na kwashe datti tun da fari, na auna toka da sikelin mai nama, ban ƙara ko ƙwaya ba. Ta tsaya kan tukunya, hagu na barbaɗawa dama na tuƙi, zufa na zuba, ba ta ko ɗaga kai ba. Ƙarfe ya yi rami a tsakiya yana shanye tokar. Da ta ƙare na kama tukunya da awartaki, sai hannuna ya nufi ƙasa da kansa zai ajiye. Wallahi ban sa shi ba. Na ce mata ban yi karatun Baba ba. Ta daka mini tsawa a kunnena mai ji, ta ce, "Karanta kana tahiya! Mu yaushe ka ga muna aje muciya in za mu yi salati?" Na karanta ina tafiya. Ƙafa ta uku ta ƙare ƙarfe na shiga ƙasar zubi.

Da muka ɗaura na kori kowa daga wajen injin, na ja igiya da kaina. Ya tashi. Na yi ta jiran ƙarar nan, yini, kwana, mako. Ba ta zo ba. Shekaranjiya na buɗe na duba: kunnuwan sun yi sheƙi, sun ɗan ci a baki kaɗan, amma suna nan da kaurinsu.

Ba zan ɓoye miki ba, fangalin tudu sun mutu, ruwa ya same su a makare. Fatu ta tsaya a kansu ta yi kukan da ba ta yi ba tun Janairu. Na tsakiya da na bakin kogi sun tashi, an fara cira, albasar ba ta yi girman ta bara ba amma ta cika buhuna. Dattawan gidan Bukari sun zo sun gani, babbansu ya ce garkar da aka shayar ba a karɓe ta. Sadisu yana wurin, ya ce shi dama wasa yake yi.

Jiya kuma sai ga shi a maƙera da farfelar injinsa a leda, ta suɗe, wai in zuba masa irin ta Fatu. Na ce ni wuta da awartaki kawai na iya, mai tuƙi tana Garu, ya je ya roƙe ta. Ya tsaya yana kallona ko zan yi dariya. Ban yi ba. Ya ɗauki ledarsa ya hau keke.

Ga wutsiyar zubin nan ki duba a madubinki ki gaya mini yadda suka zauna a ciki, ina so in sani. Ga kuma ƙaramin buhun albasa, Fatu ta ce rabi naki rabi na innarki, kuma kada Sha'ibu ya taɓa. Muciyar tana rataye a maƙera kusa da awartakin Baba. Ta ce kada wanda ya sauke mata ita.

Kawunki,
Mahfuzu